WUTAR HASKEN RANA A LAMBUN RENON ITATUWA: YAUSHE JARIN YAKE BIYA?

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama, akan ji shugabanni suna kira ga jama'a da su dasa itatuwa. Kiran nan yana da kyau ƙwarai, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Dashen da za a kafa a gona cikin watan Yuni ko Yuli, tun watanni da dama kafin nan aka shuka shi a leda, aka yi ta ba shi ruwa safe da yamma, cikin hunturu da bazara, sa'ad da ko ɗigon ruwan sama babu. Wurin da ake wannan aiki shi ake kira lambun renon itatuwa.

A cikin 'yan shekarun nan masu irin waɗannan lambuna da yawa suna tambaya ko ya dace su zuba kuɗinsu a kan na'urar wutar hasken rana, watau sola, domin jawo ruwa. Wannan darasi zai amsa tambayar ta hanyar lissafi. Mun ɗauki garin Minna, babban birnin Jihar Neja, ya zama misali, amma mai karatu na Kano ko Sakkwato ko Yola zai iya bin hanyar lissafin ya sa nasa alƙaluman.

1. Dalilin da ya sa ake neman dashe

Bukatar dashe tana ƙaruwa ta fuska uku. Ta fari ita ce saran daji. Duk wanda ya bi hanyar Minna zuwa Suleja, ko Minna zuwa Bida, ya ga buhunan gawayi da tarin itacen wuta a bakin hanya. Kowane buhu daga jikin itace ya fito, kuma in ana sara ba a mayarwa, wata rana sai a nemi daji a rasa.

Ta biyu ita ce shirye-shiryen hukuma. A watan Satumba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Nijeriya za ta dasa itatuwa miliyan 25. A watan Disamba na 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Birnin Tarayya, da nufin farfaɗo da ƙasa hekta miliyan ɗaya da ta lalace. Irin waɗannan shirye-shirye ba su yiwuwa sai da dashe mai ɗimbin yawa.

Ta uku ita ce kasuwa. Manoma suna neman mangwaro mai aure, da kashu, da lemo, da gwaiba, da zogale. Masu gina gidaje da makarantu suna neman darbejiya da maɗaci domin inuwa. Jihar Neja kuwa tana sahun gaba a ƙasar nan wajen samar da ƙwarar kaɗanya, kuma cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa tana da reshe a Bida mai nazarin kaɗanya. Kaɗanyar da ta tsiro da kanta takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, ana kuwa rage wannan jira ta hanyar aure. Itacen da za a yi wa aure yakan daɗe a lambu, shekara guda ko fiye, watau tilas ya ratsa rani sukutum yana shan ruwa daga hannun mutum.

2. Ruwa shi ne ran lambu

A Minna ana samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, amma kusan dukkansa tsakanin Afrilu da Oktoba yake sauka. Daga Nuwamba har zuwa faɗuwar ruwan fari, kusan kwana 180 ke nan, lambu ya dogara ga ban ruwa. Zafi yakan kai matuƙa a watan Maris. Itacen da ke daji yana da saiwa mai zurfi da za ta nemo laima, amma na cikin leda ba shi da komai sai 'yar ƙasar da ke kewaye da shi. In ya yi kwana biyu ko uku cikin bazara ba ruwa, sai ya yanƙwane, wahalar wata huɗu ta tafi a banza.

Bari mu ƙiyasta yawan ruwan. A ce lambu yana da dashe 20,000, kuma a ce lita ɗaya tana isar biyar daga cikinsu kowace rana a lokacin zafi. Ruwan da ake bukata a yini shi ne lita 4,000, watau duro 20, ko kuwa jarka 160 masu cin lita 25. Wannan misali za mu yi ta amfani da shi har ƙarshen darasi.

Wanda lambunsa yake bakin kogin Chanchaga ko wani rafi da ba ya ƙafewa ya sami sauƙi. Saura kuwa sai rijiya ko rijiyar burtsatse. A nan ya kamata a san cewa Minna bisa dutse take zaune. Ruwan ƙarƙashin ƙasarta cikin tsagogin dutse yake, saboda haka rijiyoyin burtsatse da yawa ba su ba da ruwa da ƙarfi, sai a hankali. Ƙasar Bida, mai duwatsun rairayi, ta fi ta wadatar ruwa. Wannan bambanci yana da muhimmanci wajen zaɓen famfo, kamar yadda za mu gani nan gaba.

3. Hanyoyi huɗu na kai ruwa ga dashe

Hanya ta fari ita ce sayen ruwa a hannun masu kura. A ce jarka ɗaya Naira 100 ce. Jarka 160 sun zama Naira 16,000 a yini, a kwana 180 kuwa Naira 2,880,000. Babu lambun da zai ɗauki wannan nauyi ya tsira da riba.

Hanya ta biyu ita ce wutar lantarki ta layi. Jihar Neja ce gidan manyan madatsun ruwa masu ba ƙasa wuta: Kainji tun 1968, Jebba a kan iyakarta da Kwara tun 1985, Shiroro tun 1990, ga kuma Zungeru da aka kammala a 2023. Duk da haka yawancin lambuna a bayan gari suke, inda layi bai kai ba, inda ya kai kuma ba a san sa'ar zuwan wuta ko ta tafiyarta ba. A watan Oktoba na 2024, sa'ad da aka lalata babban layin da ya tashi daga Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da yawa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Dashen da ke leda ba zai iya jiran mako guda ba.

Hanya ta uku ita ce janareta. Shekaru da yawa ita ce madogara, domin man fetur yana da rangwame. Amma ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama. Tun daga nan lissafin mai janareta ya sake.

Hanya ta huɗu ita ce hasken rana. A dā tsadarta ta fi ƙarfin talaka, amma tsakanin 2010 da 2020 farashin farantan sola a kasuwar duniya ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin 100. A Jihar Neja ma abin ba baƙo ba ne. A watan Disamba na 2019 aka buɗe ƙaramar tashar wutar hasken rana mai ƙarfin kilowat 64 a ƙauyen Rokota, cikin Ƙaramar Hukumar Edati, ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara.

4. Yadda na'urar take aiki

Na'urar jawo ruwa da hasken rana tana da sassa huɗu. Akwai farantai, waɗanda ke mai da hasken rana wutar lantarki. Akwai ɗan akwatin da ke daidaita wutar. Akwai famfon da ake zurawa cikin rijiya. Sa'an nan akwai tanki bisa dogayen ƙafafu, mita uku ko huɗu daga ƙasa, inda ruwa zai taru ya riƙa gangarowa da kansa ta bututu zuwa kwamin dashe.

Abin da ya sa wannan na'ura ta dace da lambun reno shi ne lokacin bukata da lokacin samu sun zo daidai. A Fabrairu da Maris, sa'ad da dashe ya fi jin ƙishirwa, a lokacin ne rana ta fi ƙarfi. A Agusta, sa'ad da hadari ya rufe sama wuta ta ragu, a lokacin ruwan sama ya ɗauke wa mai lambu aikin ban ruwa. Har wa yau, famfon sola yana jan ruwa a hankali tun hantsi har la'asar, wanda shi ne abin da rijiyar cikin dutse take so. Famfon janareta mai ƙarfi yakan zuƙe irin wannan rijiya cikin ɗan lokaci, sai a tsaya jiran ta sāke taruwa.

Farantai nawa ake bukata? Ɗaga ruwa lita 1,000 zuwa tsawon mita 40 yana cin wuta kaɗan fiye da kashi ɗaya cikin goma na yunit guda. In an haɗa da asarar da ake yi cikin famfo da waya da bututu, ya kusa kashi uku cikin goma. Lita 4,000 ke nan suna bukatar yunit ɗaya da ɗan ɗori a yini. A yankin Minna ana samun abin da ya kai awa biyar na cikakkiyar rana kowace rana bisa matsakaici. Saboda haka farantai biyu masu ƙarfin wat 300 kowanne za su ba da kimanin yunit biyu a yini bayan an cire asarar zafi da ƙura. Sun isa, har da rara.

Ga babban abin da muke so mai karatu ya riƙe. Mai lambu ba wuta yake nema ya ajiye ba, ruwa yake nema. Saboda haka kada ya sayi batir. Batir yana da tsada, na dalma kuwa zafin ƙasarmu yakan kashe shi cikin 'yan shekaru kaɗan. Tanki shi ne batirin mai lambu: rana ta cika shi da tsakar yini, a sha da yamma da kuma washegari da safe. A nemi tankin da zai ɗauki ruwan kwana biyu, watau lita 8,000 a misalinmu, don ranar da hazo ya yi kauri.

5. Lissafin riba da asara

Farashin kaya yana sauyawa kullum, don haka alƙaluman da ke tafe misali ne kurum na koyon hanya. Kowa ya tafi kasuwa ya tambayi farashin ranar, ya sa a madadinsu. Ba mu sa kuɗin haƙa rijiya da na tanki ba, gama da mai janareta da mai sola duk sai sun biya su.

Mai janareta. A ce janareta da famfonsa sun ci Naira 500,000. A ce famfon yana ba da lita 2,000 a awa, watau aikin awa biyu ke nan kowace rana, janareta kuma yana shan lita ɗaya ta fetur a awa. Lita biyu sau kwana 180 sun zama lita 360. In lita Naira 1,000 ce, kuɗin mai ya kama Naira 360,000. A ƙara Naira 90,000 na baƙin mai da gyara da kuɗin zuwa gidan mai. Jimla Naira 450,000 kowace shekara.

Mai sola. A ce farantai da akwati da famfo da ƙarafan ɗorawa da ladan mai haɗawa sun ci Naira 1,500,000. A ware Naira 50,000 kowace shekara domin ƙananan gyare-gyare.

Yanzu sai a yi tambaya biyu. Nawa mai sola ya fi kashewa ranar farko? Naira 1,000,000. Nawa yake tsimi kowace shekara? Naira 450,000 a ɗebe 50,000, saura 400,000. A raba na farko da na biyu, sai a sami biyu da rabi. Watau cikin shekara biyu da rabi ƙarin kuɗin ya dawo, abin da ya biyo baya riba ce. Farantai masu kyau kuwa masu ƙera su sukan ba da tabbacin aikinsu har shekara 25, ko da yake famfo da akwati ba su kai haka, sai an sake su a tsakani.

Ana iya duban lissafin ta kan kowane dashe. A shekara goma lambun zai fitar da dashe 200,000. Mai janareta zai kashe Naira 5,000,000, ban da sayen sabon janareta in na farko ya mutu, watau Naira 25 a kan kowane dashe. Mai sola zai kashe Naira 2,000,000, watau Naira 10 a kan kowanne. Bugu da ƙari, mai sola ya riga ya san kuɗin ruwansa na shekaru masu zuwa, mai janareta kuwa yana hannun farashin mai.

Akwai wata riba da ba ta fito cikin lissafin nan ba. Mai janareta, in aljihu ya yi sanyi ko mai ya yi wuya, yakan tsallake ban ruwan yini ɗaya ko biyu. In dashe ɗaya cikin goma ya mutu saboda haka, ya yi asarar 2,000 cikin 20,000, tare da ledarsu da takinsu da ladan ma'aikata. Sau da yawa wannan asara takan fi kuɗin man da aka yi tsimi.

6. Inda jarin ba ya biya

Ba kowane mai lambu ne ya kamata ya sayi sola ba. Ga wurare huɗu da lissafin yake rushewa.

Na ɗaya, in lambun ƙarami ne. Mai dashe 2,000 jarka 16 kaɗai yake bukata a yini, abin da mutum ɗaya zai ja da guga. Ko da janareta yake aiki, man da zai ƙona a rani bai wuce lita 36 ba. Ko ya sami ƙaramar na'ura a rabin kuɗi, zai yi fiye da shekara goma bai mai da jarinsa ba. Shawarar da ta dace da irinsa ita ce ya haɗa kai da maƙwabta su kafa ƙungiya, su yi rijiya ɗaya da na'ura ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, in da bashi mai kuɗin ruwa za a saya. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwa kuwa sama da haka suke ɗorawa. In mutum ya ranci Naira 1,000,000 a kan kashi 30, kuɗin ruwan shekarar fari kaɗai Naira 300,000 ne, ya cinye kashi uku cikin huɗu na tsimin da aka yi. Gara a tara kuɗin ta adashi ko asusun ƙungiya, ko kuwa a tuntuɓi bankunan da ba su ta'ammali da kuɗin ruwa, waɗanda suka fara aiki a ƙasar nan tun 2012, a kwatanta ribar da za su ɗora kafin a sa hannu.

Na uku, in rijiyar ba ta da ruwa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, amma famfo komai kyansa ba zai jawo abin da babu ba. Kafin a sayi ko faranti ɗaya, a sa masana su auna yawan ruwan da rijiyar take bayarwa a awa, kuma a yi awon a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa. Awon da aka yi a Satumba yaudara ne.

Na huɗu, in babu mai saye. Na'ura tana rage kuɗin reno, amma ba ta kawo ciniki. Wanda ya dogara ga kwangila ɗaya tak, ranar da ba ta zo ba sai ya zauna da dashe yana girma yana fasa leda. Mai hankali yakan raba ƙafa: kashi na itatuwan marmari domin manoma, kashi na inuwa domin gari, kashi domin kwangila. In rijiya tana da ƙarfi, rarar ruwan ta tafi ga alayyafo da tumatir da albasa, su riƙa kawo kuɗin cefane kafin damina ta zo.

7. Kafawa da kulawa

Wanda lissafinsa ya nuna riba, ga abubuwan da zai kiyaye.

(a) A nan Arewa farantai su fuskanci kudu, a ɗan karkata su kimanin digiri 10 zuwa 15, don ruwan sama ya riƙa wanke su.

(b) A nisanta su da inuwa. Lambun reno wuri ne mai rumfuna da manyan itatuwa, inuwar reshe ɗaya kuwa tana iya rage wutar faranti da yawa. A tuna kuma itacen da yake ƙarami yau zai yi tsawo nan da shekara biyar.

(c) Cikin hunturu a wanke ƙura da ruwa da tsumma mai laushi, sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

(d) A tabbata famfon yana da abin da ke kashe shi in ruwan rijiya ya janye, gama famfon da ya yi ta juyawa ba ruwa ƙonewa yake yi.

(e) A sa sandar ƙarfe cikin ƙasa a haɗa ta da na'urar saboda tsawa.

(f) A yi wa ƙarafan da ke riƙe da farantai walda, a kewaye wurin da shinge, a sa mai gadi. Ɓarawo da awaki su ne abokan gāban lambu.

(g) Araha ba ta ado. Akwai jabun farantai da tsofaffi a kasuwa waɗanda ƙarfinsu bai kai abin da aka rubuta a bayansu ba. A saya wurin dillalin da ke da shago tsayayye, a karɓi rasiɗi da takardar tabbaci, a kuma tambaya ko akwai makanikin da ya san irin famfon a kusa.

Kammalawa

Ya kai mai karatu, amsar tambayarmu ita ce: jarin wutar hasken rana yana biya a lambun reno in lambun yana da girma, rijiya tana da ruwa, an sayi tanki maimakon batir, an guji bashi mai nauyi, kuma akwai kasuwa. In ɗaya daga cikin waɗannan biyar ya ɓace, a dakata a gyara shi tukuna. Kafin ka fitar da ko kwabo, ɗauki takarda da alƙalami, ka ƙirga dashenka, ka auna ruwanka, ka tambayi farashi a wurare uku. In kana neman ƙarin bayani, sai ka tuntuɓi malamin gona ko malamin daji na ƙaramar hukumarku.

Tambayoyi domin bita

1. Lambu mai dashe 10,000, jarka nawa zai bukata a yini bisa ma'aunin wannan darasi?

2. In litar fetur ta koma Naira 800, shekara nawa mai solar misalinmu zai yi kafin ƙarin kuɗinsa ya dawo?

3. Don me aka ce tanki ya fi batir amfani ga mai lambu?

4. A wane wata ya kamata a auna ruwan rijiya, kuma me ya sa?

5. Kawo wurare huɗu da jarin sola ba ya biya, ka faɗi maganin kowanne.